Kan Murna a Cinyata

Jiya ɗaya daga cikinku ta miƙo mini waya har tana neman tsone mini ido, ta ce, "Mama, duba, wannan matan ya gama shuku kafin ruwa ya tafasa. Kitso ba wuya fa." Na duba. Kai ne na roba aka kafa a kan sanda. Ba ya gumi, ba ya ƙaiƙayi, ba shi da mijin da ya ɓata masa rai da safe. Ban tanka mata ba, don akwai kan mutum a cinyata, ni kuma ba na gardama da tsinke a hannu. Yau da ruwa ya hana kowa fitowa, ku masu koyon kitso a hannuna, ku kife wayoyin nan ku saurara. Yatsuna sun gaji, bayana ya gaji, ban san ko zan sake samun ƙarfin dogon bayani irin wannan ba.

Kan farko da aka bar ni na taɓa na wata tsohuwa ne a Zonkwa, kuma tsifa aka ce in yi mata. Ƙanwar babana, Anti Asabe, ita ce mai kitson unguwarmu, a hannunta na girma. Kitson tsohuwar ya kwana biyu, ya sha ƙurar gona da man kaɗanya har ya dunƙule. Na cusa tsinke a gindinsa na fizga. Tsohuwa ta yi ƙara, Anti ta ɗaka mini mataji a bayan hannu, ta ce daga wutsiya ake fara tsifa, a bi a hankali har a iso fata. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ina nan a tsifa da wanki da taje kai. Kitson kansa a kan ciyawar bakin rafi da gashin masara na koye shi, in na saci lokaci. Kayan aikinta duka za su shiga aljihun zane: tsinken da wani mai gyaran keke ya goge mata daga wayar taya, mataji na katako mai manyan haƙora, gwangwanin man kaɗanya. Sai kujerarta 'yar tsuguno. Tsinken nan da kuke yi wa dariya, wanda kuke cewa in jefar in sayi na roba mai jela, nata ne.

Da na gama tsifar tsohuwar a ranar, na share gashin da ya zube na nufi bola da shi. Anti ta kira sunana da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta sa na dawo, na tsince na kan tabarma, na zare na cikin mataji, na murza shi duka a tafin hannu ya zama ɗan ƙwallo, na ɗora a hannun tsohuwar na rufe mata yatsu a kai. Ta ce gashin mutum ba ya kwana a wurin mai kitso. A ƙasarmu kowa ya san abin da ake cewa mugu zai iya yi da gashinka. Fasto zai hau bagade ya ce babu abin da zai taɓa mai bi, ranar Asabar kuma matarsa za ta buɗe tafin hannu ta karɓi nata ta cusa a jaka. Ni ban taɓa ganin gashi ya yi wa kowa komai ba, amma tun daga ranar ban taɓa barin mace ta tashi daga gabana hannu wofi ba.

A zamanin, mace tana zama a tabarma ne, ke kina kan kujera, ta kwantar da kanta a cinyarki. Kin gama gefe ɗaya, ki juya ta. Wannan kwanciyar ita ce rabin sana'ar. Wuya yana saki, fatar kai tana laushi, tsaga tana fita miƙe. Kan kuma yana gaya miki abin da bakin bai faɗa ba. Kin ji zafi a ƙeya, zazzaɓi na tafe. Kin ga gashi yana bin mataji ko'ina, ki tambayi watan jaririn. Kin taɓa ƙullutu a bayan kunne ta ɗan zabura, ba ƙofa ce ta buge ta ba ko da ta rantse. Daga nan bakin ma sai ya buɗe, domin mutumin da ba ya kallon idonki ya fi sauƙin magana. Anti ta ce abin da aka faɗa a cinya, a cinya yake zama. Yara kuwa, da yake hannunsu ba ya barin kai, sai ta ba su gwangwanin mai su riƙe da hannu biyu, ta ce in ya zube za a fasa kitson Kirsimeti. Suna riƙe da shi suna kuka har barci ya kwashe su.

Da aure ya kawo ni Kafanchan na kafa rumfa a bayan kasuwa. Matan ma'aikatan jirgi, malaman makaranta, masu jinya, duk sun zauna a tabarmata. Makon Kirsimeti mawaƙan coci sukan yi layi har bakin kwata, kowa na son zane iri ɗaya don a gan su daidai a gaba. Nakan yi ta yi har yatsu su ƙage, in tsoma su a ruwan ɗumi in ci gaba. Gajiya ce mai daɗi, don rumfar ba ta rabuwa da surutu. A nan ake sanin farashin citta, da wanda zai yi aure, da wadda ta koma gidan ubanta. Mata sukan zo da kitson da bai tsufa ba don kawai su kwanta a yi musu susa su yi barcin da gida ya hana su.

Ba zan iya ce muku ga ranar da abin ya sauya ba. Na dai tuna wata 'yar kwaleji da ta zo a yi mata kitson gana-wibin, na tsaga layi na farko ya fita a karkace, na goge na sake, ya sake karkacewa. Na ɗauka idona ne ya fara mutuwa. Ashe kanta ne a sunkuye, haɓa a ƙirji, tana shafa gilashin waya. Na ce ta kwanta a cinya, ta ce ba za ta ga sikirin ba. Daga lokacin kalmar da na fi faɗa a duniya ita ce "ɗaga kai". In ɗaga, ya koma. In ɗaga, ya koma. Na sayi kujerun roba saboda babu mai son tabarma kuma, na koma yin kitso a tsaye, a nan bayana ya tafi.

Ku taɓa ƙeyar kowace yarinya da za ta shigo nan gobe. A da, jijiyar wuya mai tauri sai a wurin matan da ke ɗauko itace daga dutse. Yanzu ina samunta a wuyan yarinyar da ba ta taɓa ɗora tulu a ka ba, ta yi tauri kamar igiyar rijiya. Tun ban ja gashi ba ta ce kanta na sarawa. Ido ja, ƙasansa ya yi baƙi, tana hamma da tsakar rana. Wata takan yarfe babban yatsa saboda ya ƙage, ta mayar da wayar ɗaya hannun. Rumfa ta cika da mutane amma shiru, sai ƙarar bidiyon wannan yana hawa kan na waccan. Sannan ga hotuna. A miƙo miki fuskar da na'ura ta gyara, goshi an rage, gashi ya sauko har gira, a ce haka ake so. In na ce wannan kan ba na ɗan Adam ba ne, sai a tafi inda za a manna hular gashi da gam. Bayan wata biyu a dawo mini da gaban kai a ɗaye, a ce in yi dabara.

Duk wannan gajiya ce kawai, ana rayuwa da ita. Abin da ya kusa rufe rumfar nan kan Murna ne.

Murna 'yar ƙawata Saratu ce, mai sayar da citta a layin da ke gabanmu. Tare muke zama a zumuntar mata, ni na riƙe mata zane ranar da ta haifi yarinyar. Kitson Murna na farko ni na yi shi, 'yan kalaba ƙanana, tana riƙe da gwangwanin mai tana ihu kamar ana yanka ta. Na san kan nan fiye da nawa. Gashi mai cika, mai taushi a ƙeya, da faffaɗan goshi irin na dangin ubanta. Ga murya. In ta ɗauki baiti a sujadar Lahadi, tsofaffin da ke gyangyaɗi sukan farka. Ta gama makaranta tana jiran aiki, sai ta fara ɗaukar kanta tana waƙa tana sawa a waya. Da farko da murnarta take zuwa, ta nuna mini mutanen da suka yaba, har daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba.

Sai wani da bai san ta ba ya yanko fuskarta daga bidiyon, ya yi wasa da goshinta, wasu suka ɗauka suka ƙara nasu. Ni ban iya karanta abin da suke rubutawa ba, ita ce take karanta mini, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce ta daina dubawa. Ta ce, "Mama, in ban duba ba, zuciya na ba ya kwanta. In na duba kuma, ya fi." Ta fara cewa in sauko mata da kitso ya rufe goshi. Ta daina tsayawa a layin gaba na mawaƙa. Ta rame, wuyanta ya zama irin wanda na gaya muku.

Wata Asabar ta zo da ɗankwali ɗaure tamau. Na kwance, na fara tsifa daga dama, da na zagayo hagu sai tsinke ya faɗa a fili. Sama da kunne akwai wuri kamar faɗin murfin kwalba, babu gashi. Na duba da kyau. Makero yana zuwa da ɓawo da ƙaiƙayi, wannan fatar lafiya lau. Gam da jan kitso gaban kai suke ci, wannan a gefe yake. Kuma ba sumul yake ba, akwai guntaye, wani dogo wani gajere, kamar gonar da akuya ta shiga. Na ci gaba da taje ɗaya gefen ina kallonta ta sama. Hannun dama yana kan waya yana turawa. Hannun hagu ya taso a hankali, ya lalubi wurin, ya naɗe sili ɗaya a yatsa, ya tsige. Ko motsi fuskarta ba ta yi ba. Ya sake komawa.

Na kama hannun na ce, "Murna, me kike yi?"

Ta kalli silin da ke yatsanta kamar wani ne ya ba ta riƙo. Sai ta fashe da kuka. Ta ce ba ta sanin lokacin da take yi, sai ta ga gashi a kan filo da kan wayar. Ta ce ba ta barcin kirki, tana kwance tana karanta abin da aka ce, in ta tsige sai ta ji wani abu ya ɗan sauka a ƙirjinta.

"Mama Laraba, don Allah kar ki gaya wa Mama na. Kar ki gaya wa kowa. Za su ce na haukace, za su sa shi a waya."

Na ce ba zan faɗa ba, amma ita ta faɗa, kuma mu je asibiti tare, akwai wata nas da nake yi wa kitso da za ta nuna mana ƙofar da za mu bi. Ta ce to, sai ta shirya. Na yi mata kitso na kwantar da gashin sama ya rufe wurin, na murza abin da ya zube na sa mata a hannu.

Ba ta shirya ba. Wurin ya faɗaɗa har kitso ya kasa rufe shi, Saratu ta gani. Uwa ce, hankalinta ya tashi, ga yarinya ba ta ci, ba ta barci, tana kuka ba dalili, gashi yana ɓacewa. Wata ta kai ta gidan addu'a a bayan gari, wurin wani mutum da ba na cocinmu ba. Tambaya ɗaya ya yi mata: wa yake taɓa kan yarinyar?

Saratu ta zo rumfa da rana tsaka, akwai mutane. Ba ta zauna ba, ba ta gaishe ni ba.

"Laraba, gashin yarinya na, ina kike kai shi?"

Na ce, "Maman Murna, a hannunta nake sawa, kamar yadda nake sa naki."

"Duka? Kin tabbata duka kike ba shi?"

Amsar tana bakina. Magana ɗaya ce, gajeriya: je ki kalli hannun hagun 'yarki. Na dubi kujerun, mata uku, kowace da waya a hannu, ɗaya har ta ɗan ɗaga tata. Na san kafin Saratu ta isa gida labarin ya riga ta, kuma zai faɗa cikin wayar da yarinyar take kwana tana kallo. Bakin baƙi ma ya kai ta inda take, ina ga na 'yan garinsu? Na ce, "Saratu, ki zauna da 'yarki ki tambaye ta a hankali, ki kai ta asibiti." Ta ce wato ma ina da bakin ba da shawara. Ta juya ta tafi.

Ba ta yi niyyar kashe ni ba, na yarda da wannan. Saƙon murya ta yi wa 'yar'uwarta tana kuka, ta ambaci sunana da inda rumfata take. 'Yar'uwar ta tura wa gurup na addu'a don a taya su roƙo. Daga nan ya shiga na zumunta, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na ga shekarun da aka rufe kasuwa saboda tashin hankali, na ga wadda aka kulle gari saboda annoba, amma a waɗancan kowa ne yake zaune. A wannan ni kaɗai ce. Ista ta zo mawaƙa suka wuce ta gabana zuwa wani shago. Masu ƙarfin halin da suka ci gaba da zuwa sukan taho da leda, su durƙusa su tsince gashinsu daga tabarma da kansu, wata har da matajinta take zuwa. A coci benci yakan yi mini faɗi. Na zauna ina ɓare gyaɗar mutane don hannu ya sami abin yi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Matan da na riƙe asirinsu shekara da shekaru su ne suka fi saurin tura saƙon.

A gidan addu'ar an aske wa Murna kai tas, aka sa ta azumi, aka karɓe wayarta har tsawon zamanta a can. Ba waya, ba gashin da za a kama. Ta yi barci, ta fara cin abinci, gashi ya tsiro ko'ina har da wurin. Saratu ta ba da shaida a gaban jama'a cewa tun da aka raba yarinyar da hannun da ke taɓa ta, Ubangiji ya yi aikinsa. Ban ji haushin addu'ar ba, ni ma ina yi mata. Amma warkewar tata ita ta ƙara ɗaure ni. Da ta dawo gida aka mayar mata da wayarta. Gashi ya kai abin kamawa, wurin ya dawo, ya fi na da. Wata da watanni ban ko ga ƙeyarta ba. Na ɗauka wannan zai wanke ni, sai na ji ana cewa abin nawa daga nesa ma yana aiki.

Ranar da Murna ta dawo rumfata, irin yau ce, ruwa tun safe. Ta shigo a jiƙe da hular gashi a karkace, ta tsaya a bakin rumfa ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Mama, na ji abin da ake faɗa a kan ki. Na kasa magana." Na ce ta shigo kada sanyi ya kama ta. Ta cire hular. Gashin bai kai na kitso ba, sai dai a kama da zare. Ta ce in yi mata ko mene ne, ita dai tana so a taɓa kanta.

Na ture kujerar roba, na shimfiɗa tabarma, na jawo 'yar tsugunon Anti Asabe. Na karɓi wayar na ajiye a gefenta inda za ta gan ta, don na lura in ta yi nisa numfashinta yana sauyawa. Sannan na ɗauko gwangwanin mai na ce ta riƙe da hannu biyu. Ta yi 'yar dariya, ta ce ita ba yarinya ba ce. Na ce in ya zube babu kitson Kirsimeti. Ta kwantar da kai a cinyata. Na shafa mai, na bi fatar da yatsa ina murza jijiyar wuyan nan har ta fara saki. Ban gama layi na biyu ba na ji nauyin kanta ya ƙaru. Na ci gaba da aiki a hankali, ƙafata ta mutu ban motsa ba.

A haka Saratu ta same mu. An gaya mata an ga 'yarta ta nufo nan, ta taho a guje ba lema. Ta buɗe baki, na ɗora yatsa a leɓe, ban san dalilin da ya sa ta bi ba, wataƙila don ta daɗe ba ta ga yarinyar tana barci ba. Tana tsaye ruwa na zuba daga zanenta, sai wayar ta yi ƙara. Murna ta zabura, ido bai gama buɗewa ba ta saki gwangwanin, hannun dama ya cafki waya. Na hagu ya tafi inda ya saba, ya naɗe, ya tsige, ya koma ya sake. Sai a na ukun ta ga ƙafafun uwarta.

Saratu ta durƙusa a tabarma, ta kama hannun hagun, ta buɗe shi ta ga abin da ke ciki. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin sani tun can?" Na ce na sani. Ta ce, "Kuma kika bari na..." Ba ta ƙarasa ba. Na ce mata kan yana cinyata lokacin da aka gaya mini.

Mun je asibitin mu uku. Likita ya ce ciwo ne sananne, yana tafiya da damuwa da rashin barci, ba hauka ba ne, ba jifa ba ne, kuma ana samun sauƙi. An daɗe ana zirga-zirga. Murna ta koma ƙaramar waya mai maɓalli na wani lokaci, ta koma babbar, ta sake ajiyewa. Yanzu tana koyarwa a wata firamare, ta koma layin gaba na mawaƙa. Akwai ɗan wurin da gashi bai sake fitowa ba, ni na san yadda nake kwantar da kitso a kansa. Saratu ta yi sabon saƙon murya ta ce ta yi kuskure, ba ta faɗi dalili ba don ta rufa wa 'yarta asiri, kuma na goyi bayanta. Wannan saƙon bai yi nisa ba. Ba shi da daɗin turawa. Wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba, shi ya sa kuke ganin kujerun nan sun fi mutanen yawa.

Kwanan baya wata mata ta zo daga Jere, biki ya kawo ta gari, aka nuna mata rumfata a hanya. Ina cikin yi mata shuku, kai a sunkuye kamar kowa, ina ta ɗagawa. Murna tana benci tana jiran layinta. Can matar ta ce, "Mama, ku 'yan Kafanchan kuna da hali fa. An ce akwai wani mai kitso a nan, yana ɗaukan gashin yara yana haukata su. Bari ki ji." Ta danna. Muryar Saratu ta cika rumfar, tana kuka, kukan shekarun baya, sabo fil kamar yau aka yi shi. Hannuna bai tsaya ba. Na gaji da wannan muryar har ba ta ƙara tayar mini da komai.

Murna ce ta tashi. Ta zo gaban matar ta durƙusa, ta sa yatsa ta ɗaga kitson da ke saman kunnenta na hagu.

"Anti, kalla nan. Ni ne yarinyan. Ni na cire shi da hannu na, ina kallon waya kamar yadda kike kallo yanzu. Wannan Mama da yake riƙe da kan ki, shi ne aka ce. Ya sani tun farko, ya yi shiru saboda ni."

Matar ta kalli wurin, ta kalli wayar da har lokacin take kuka a hannunta. Ta laluba ta kashe, ta kife ta a ƙasa. Ban ce mata ta ɗaga kai ba, da kanta ta sauko daga kujerar ta zauna a tabarma, na jawo 'yar tsuguno, ta jingina kanta a gwiwata. Na ƙarasa layukan da suka rage, sun fita miƙe.

Da na gama na zare gashin cikin mataji, na tsince na tabarma, na murza. Ta ce, "A'a Mama, bar shi, ki zubar kawai." Na kamo hannunta na buɗe, na sa mata, na rufe yatsunta a kai.